Ɗinki Ɗari da Takwas

Ɗari da takwas ne ɗinkin ƙwallo guda,
jan zare, allura biyu, farar fata.
Shekara tara ina ƙirga shi a Port-au-Prince,
ni Merancia 'yar Dorvil, mai kujera ta arba'in,
ban taɓa ganin filin da ake buga shi ba.

Ran Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa,
da takardar da ruwa ya riga mu karantawa.
Mai gadi ya ce, "Takunkumi ne, ku juya,
sojan da ya ƙwace mulki ake son horarwa."
Na dubi tafina, na dubi na Odette,
duk kanta ce da sawun allura,
ban ga tabon kunamar bindiga ba.

A ƙauyenmu dabbar da ke ɓarna
ita ake ɗaure wa baki, gona ta huta.
Wannan kuwa daga nesa aka auna shi,
ya tsallake bakin mai cizo,
ya sauka kan mai shan nono.
An bar jaki ana dukan taiki,
taikin ko laifinsa bai sani ba.

Jiragen yaƙi suka yi zaune a ƙarshen teku,
toka-toka, baƙin da ba sa sallama.
Mijina Osnel ya jingine motar haya,
kaji suka tare a ƙarƙashinta.
Fetur ya koma kwalba, ana ɗaga shi ga rana
a ga ko an sirka, kamar mai tayin zuma.
Masu tsallako da shi ta iyaka da dare
sun yi tumbi, sun ɗora bene.
Can bisa tudu, inda masu laifin ke kwana,
fitilarsu ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Sai muka juya kan mangwaron kakata.
Osnel ya yi sara, ni na kau da kai.
Buhu sha ɗaya na gawayi:
inuwar shekara sittin muka cinye a wata biyu.
Da ruwa ya sauko, gangaren ya biyo shi har ɗaki,
bai tarar da saiwar da za ta riƙe shi ba.

Ƙyanda ta shigo unguwa.
Rediyo ya ce ba a hana magani shigowa,
kuma gaskiya ya faɗa.
Sai dai magani ba ya tafiya da ƙafa,
ba ya sanyaya kansa.
Nas ta buɗe mana firji, ya huro zafi,
kwalabe a jere, duk sun mutu a tsaye.
Wisline tawa ta tashi da ido ɗaya.
Fenel ɗan Odette, a kwalin ma'aikata muka sa shi,
wanda ke cin ƙwallo dozin goma,
bai ma cika shi ba.

Shekara uku, aka ce an ɗage.
Coci ya kaɗa ƙararrawa, gari ya ɗau ganga.
Na wanke rigata, na isa tun asuba,
na tarar da tantabaru da sawun kujeru.
Aiki ya ƙaura wata ƙasa, in ji mai gadi,
shi ma ba a biya shi ba.

Ƙwallo guda na fito da shi a jaka ran Juma'ar ƙarshe,
na tsaya a tamanin da ɗaya, da nufin sai Litinin.
Yana nan bisa kanta, zaren na reto.
Wisline kan juya shi ta gefen idonta mai gani,
ta ce, "Mama, saura nawa?"
Ashirin da bakwai, na sani sarai,
har yau ban amsa mata ba.